Wandunan Sojojin Dauri da Na Ɗinka a Bronx

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kafa keken ɗinkina a wani lungun shago a unguwar Morrisania ba, na karɓi wani aiki da har yau in na tuna shi a cikin jirgin ƙasa sai in kama dariya ni kaɗai, mutane su riƙa matsawa daga kusa da ni.

Ni tela ne, ɗan tela, jikan tela. Kakana a Zariya buje yake ɗinkawa, da hannu, wandon nan na iyayenmu mai faɗi da hantsa har gwiwa, ƙasansa kuma a kame. Tun ban kai shekara goma ba yake zaunar da ni a zaure ya ba ni allura, ni kuwa ba abin da na tsana kamar wannan zama. Da na yi wayo sai na gudu wurin masu ɗinkin zamani, na koyi kwat da wando ɗamamme, na riƙa faɗa wa duk wanda zai saurare ni cewa buje ɓarnar yadi ne kawai. Da na zo New York da wannan aka san ni. Samarin Ghana da na Nijar in biki ya taso wurina suke zuwa, don ni ne mai ɗame wando ya zauna a jiki kamar an shafa shi. Ina jin kaina sosai a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.

Ina da wani aboki, mutumin Kumasi, ɗan Zango, yana tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti. Wata Talata da hantsi sai ga shi ya shigo shago da wani dogon dattijo Bature mai sanda, riƙe da jaka. Abokina baki har kunne. Ya ce wannan fasinjansa ne, sau biyu a mako yake kai shi a duba masa gwiwa, tsohon malamin tarihi ne, kuma yana neman tela. Shi kuma ya riga ya gaya masa cewa duk Bronx babu kamar ni, wai gidanmu tun kakanni ɗinkin wando muke yi.

Dattijon ya buɗe jaka ya fito da wani wando da ban taɓa ganin irinsa ba. Gajere ne, iyakarsa ƙasan gwiwa, a nan kuma an kame shi da maɓallai. Gabansa babu zif, sai wani murfi kamar ƙofar taga da ake ɗagawa a ɓalla. Bayan ƙugu akwai 'yar igiya ta ɗaurewa. Mazauninsa kuwa, jama'a, buhu ne guda. In ka ɗaga shi sai ka ce mutum biyu aka auna.

Ya yi mini bayani a tsanake irin na malamai. Suna da ƙungiya, shi da wasu masu son tarihi, sau ɗaya a shekara sukan yi shigar sojojin da, su fita fili da bindigogi irin na da, su nuna wa jama'a yadda ake faretin yaƙi a wancan zamani. Albarushi kawai suke ɗurawa, ba harsashi. Bana sun sami sababbin mutane shida, matar da ke yi musu ɗinki kuma ta bar gari, ga taron saura mako uku.

Na tambaye shi sunan wandon. Ya ce breeches. Na maimaita, harshena ya mai da shi biricis, ya yi dariya ya ce ya karɓa. Daga nan fa dattijo ya sami wurin zama. Ya ce kalma ce tsohuwa ƙwarai, asalinta tana nufin abin da ke rufe mazaunin mutum, har ta kai mazaunin kansa ake kira da ita. Shi ya sa ma gindin bututun bindiga, inda albarushi ke zama, ake ce masa breech, don shi ne bayanta. Ya ce a zamanin da ake sa irin wannan wando, dogon wando na masu aikin ƙarfi ne da matuƙan jirgin ruwa, mai ji da kansa ba ya sa shi. Na ce ashe duk mu nan leburori ne. Ya ce har da shi.

Ya ciro hoton bindigarsa ya riƙa nuna mini da yatsa. Itacen da ake ɗorawa a kafaɗa sunansa stock, ƙarfen da ke riƙe da ɗan dutse ya ƙyasta wuta kuma lock. Ina ganin hoton na miƙe tsaye. Na ce ai wannan bindigar toka ce, irin ta maharbin da ke maƙwabtaka da kakana, wadda muke kira harba-ka-ruga. Na ce wannan ƙota ce, wannan dutsen ƙanƙara ce, wannan da ake ja da yatsa kuma kunama. Da abokina ya fassara masa kunama, dattijo ya buga sandarsa a ƙasa don daɗi, ya ciro wani ɗan littafi daga aljihu ya rubuta. Mun fi awa muna wannan musaya, shi ya ba ni tasa in ba shi tawa, har mai shagon, wata Hajiya 'yar Nijar, ta leƙo ta tambaya ko rigima ake yi.

Kafin su tafi ya ajiye mini yadin, wani farin lilin mai kauri. Ya ce daga nesa aka kawo shi, wata biyu suka jira shi, kuma daidai na mutum shida ne, babu ragowa. Ya dafa tsohon wandon ya ce abu ɗaya yake roƙo, in yi shi yadda na gan shi. Abokina ma da ya kai bakin ƙofa sai da ya juyo.

"Massa, exactly yadda ka gani. Kada ka sa wayonka ciki."

Na ce masa ya tafi ya yi tuƙinsa, ya bar wa masu ɗinki ɗinki.

A makon nan mutanen shida suka zo ɗaya bayan ɗaya na auna su. Akwai direban bas, akwai ma'aikacin jinya, akwai wani ƙato mai gyaran famfo da ya gaya mini ya gayyato mahaifinsa daga wata jiha mai nisa don ya gan shi. Duk a tsaye na auna su, ƙafa a haɗe, yadda nake auna kowa.

Na shimfiɗa tsohon wandon a tebur na daɗe ina kallonsa. Maɓallan gwiwa sun burge ni, murfin gaban ma na gane hikimarsa. Amma wannan buhun na baya ya tsaya mini a rai. Na ce a zuciyata matar nan ba ta iya ba, ko dai ta koya ne a littafi. Yaya za a ce wando ya fita daga hannuna yana reto a bayan mutum kamar an rataya jakar goro? In wani ya tambaya wa ya ɗinka, sunana za a ambata. Na yanka yadin kamar yadda samfurin yake, sannan na dawo da alli na ja layi, na sa almakashi na rage faɗin tafin hannu daga kowane ɓangare na mazaunin. Guntayen na jefa su cikin buhun ƙyallaye a ƙarƙashin tebur, don tela ba ya zubar da ƙyalle.

Da na ba matata labari ta ce ita dai ta ji an ce kada in canza komai. Na ce ba canzawa na yi ba, kyauta ce na yi musu, ranar da suka sa za su gode mini. Ta ce Allah ya sa, ta ci gaba da yankan alayyahunta.

Ranar Lahadi da la'asar, saura kwana shida taro, aka yi gwaji a wani ɗakin taro a ƙarƙashin wani coci a Morris Heights. Abokina ya ɗauke ni a motarsa, wandunan a goge a ninke a kan cinyata, ina ta zuba masa surutu. Da mutanen suka sa suka fito, wallahi sun yi kyau. Farin wando ya kama jiki, ga doguwar safa, ga jar kwat, ga hula mai kusurwa uku. Direban bas ɗin ya tsaya gaban gilashin ƙofa yana juyi. Ni kuwa ina gefe na harɗe hannu ina jiran yabo.

Dattijon ya zagaya su da sandarsa sau biyu. Ya tambaye ni ko na taɓa wani abu a bayan. Na ce ɗan gyara ne kaɗan. Ya dube ni, ya dubi abokina, sannan ya ce a jeru.

Suka jeru sahu biyu, uku gaba uku baya, kowa da bindigarsa ba ɗuri. Aka ba da umarni suka saɓa, aka ba da umarni suka sauke, duk lafiya lau. Sai dattijo ya ɗaga murya ya ce sahun gaba su durƙusa a gwiwa ɗaya, yadda ake yi in za a harba don na baya su sami hanya.

Ɓaaar! Sau uku, kusan a tare.

Mai gyaran famfo ya ajiye bindigarsa a hankali, ya kai hannu baya ya shafa, ya miƙe ya riƙa ja da baya har ya jingina da bango. Na sahun baya suka ce su kam ba za su durƙusa ba ko an ba da umarni sau goma. Sai wuri ya ɓarke da dariya, har da waɗanda abin ya same su. Mutum uku ne ba mu yi ba, ni da dattijon da abokina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dattijon bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ɗauko tsohon wandon ya nuna mini. Ya ce wandon a kame yake a ƙugu, a kame yake a gwiwa, ba ya iya zamewa sama ko ƙasa. In mutum zai durƙusa, ko ya zauna, ko ya hau doki, dole yadi ya fito daga wani wuri, kuma wurin shi ne wannan buhun da na raina. Yana magana ina jin muryar wani daban. Haka kakana yake gaya mini a zaure in na yi ƙorafin faɗin buje, kusan kalma da kalma, cewa tunda an kame ƙafa dole a saki hantsa, mutum zai zauna, zai yi sujada, ba tsayuwa kaɗai yake yi a duniya ba. Na sani sarai. Na daɗe da sani, kawai dai ban taɓa tsammanin maganar ta shafi wandon Bature ba.

Dattijo ya ce ba za a sami wani yadin kafin Asabar ba, sai dai ya gaya wa su shidan su haƙura sai baɗi. Na ga fuskar mai gyaran famfo ta canza. Na ce a ba ni kwana uku. Ya tambaya me zan yi da kwana uku ba yadi, na ce ya dai ba ni. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba abin da zai ƙara lalacewa.

A mota abokina bai kunna rediyo ba. Sai da muka tsaya a wata danja ya yi magana, bai ko dube ni ba.

"Massa, ni na ce ma mutum nga kakanka ma aiki nga yake yi. Jibi ni zan ɗauke shi kai hospital. Da wane ido zan kalle shi?"

Wannan maganar ta fi ƙarar yagewar nan yi mini ciwo. Mutumin nan bai nemi komai a wurina ba, bakinsa kawai ya ara mini, ni kuma na je na zubar.

Washegari tun da safe na zazzage buhun ƙyallaye a kan tebur na tsince fararen. Suna nan duka, amma ba yadda za a yi su koma inda suka fito, ga kuma wurin da ya yage sai an datse. Na jujjuya su, na rasa ta inda zan ɓullo. Can sai na lura hannuna ya fara jera su da kansa, mai kusurwa uku a tsakiya, dogaye biyu a gefe, ƙanana a cike gurbi. Haka kakana yake haɗa hantsar buje, don shi da ƙyallen saƙi siriri yake aiki, bai taɓa samun yadi mai faɗi ba. Na ture keke gefe na ɗauki allura. A haɗa, a kalmasa bakin a ciki, a sake bi da ɗinki na biyu, yadda ko ƙato ya tsuguna ba inda zare zai ce uffan. Na fi shekara ashirin ban yi irin wannan ɗinki ba, amma yatsuna ba su tambaye ni komai ba.

Daɗi ya fara kama ni tun a wando na farko. Na gaya wa samarina masu jiran ɗinki su yi haƙuri sai wani mako. Matata ta kawo mini abinci shago da rana, ta tsaya tana kallon ƙyallayen, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Tambayata kawai ta yi ko wannan ita ce kyautar, ko akwai wata a gaba. Da na zo kan wandon mai gyaran famfo yadi ya gaza, sai na farke aljihunan duka shida na ɗauki lilin ɗinsu, na mayar musu da wani farin yadi tunda ba mai ganin cikin aljihu.

Da na gama na farko na shiga bayan labule na sa shi. Na fito tsakiyar shago na durƙusa, na miƙe, na tsuguna, na yi tsalle, na ɗaga ƙafa na ɗora a kan tebur. Hajiya mai shago ta saki mudun garin da take aunawa ta ce, "Malam, lafiya kuwa? In kira maka wani?" Na ce ta yi mini addu'a kawai, ina gwajin yaƙi ne.

Ranar Alhamis abokina ya kawo dattijon. Ya zauna, ya sa tabarau, ya ɗauki wando ɗaya ya juya cikinsa waje, ya riƙa bin ɗinkin da yatsa tun daga ƙugu har ƙasa. Ya ajiye ya ɗauki na biyu. Ni dai na san faci-facin a fili suke, ba mai kallon bayan wandon ya ce yadi ɗaya ne. Abokina yana tsaye bakin ƙofa kamar mai shirin gudu.

Sai dattijo ya cire tabarau. Ya ce ya sha ganin wandunan ainihi na wancan zamani a gidajen adana kayan tarihi, kuma da yawansu haka suke, haɗe-haɗe, don yadi yana da tsada a lokacin, ba a zubar da ko ɗan yatsa. Ya ce shekara da shekaru yana neman wanda zai yi masa irin wannan da hannu bai samu ba, waɗannan sun fi samfurin da ya kawo kama da gaskiya. Ya tambaya wa ya koya mini. Na ce kakana. Abokina ya baro bakin ƙofa da sauri.

"Ba na faɗa ma ba? I told you! Kakanshi!"

Dattijo ya ciro ɗan littafinsa ya ce in faɗa masa sunan wannan wurin da Hausa. Ya rubuta hantsa, ya rubuta buje, a ƙarƙashin kunama.

Ranar Asabar muka tafi tare da matata da abokina, wani fili ne kusa da wani tsohon gida can arewacin birni. Jama'a maƙil, ga ganga ga sarewa, yara a kafaɗun iyayensu. Na hango mai gyaran famfo a sahun gaba, da wani tsoho mai kama da shi a kan kujera yana ɗaga masa hannu. Suka taho a jere, aka tsaya, suka yage takardar albarushi da haƙori suka ɗura, suka danna da sandar ƙarfe. Dattijo ya ɗaga sandarsa ya ba da umarnin durƙusawa. Duk filin nan kowa bakin bindiga yake kallo, ni da abokina kuwa mun zagaya ta baya mun zuba wa mazaunai ido.

Suka durƙusa. Shiru. Ko zare ɗaya bai motsa ba.

Ban san lokacin da na kurma ihu ba, tun kafin a harba. Mutanen kusa suka juyo suna mamakin abin da na gani. Sai bindigogi suka tashi gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza, farin hayaƙi ya rufe fili. Abokina ya rungume ni yana tsalle, matata tana dariya har da hawaye. Da warin albarushin ya iso hancina sai na ji ni a ƙofar gidanmu, maharbi maƙwabcinmu yana gwada bindigarsa, kakana yana yi masa tsiya daga zaure. Na yi farin ciki a ranar irin wanda ban yi ba tun da na zo ƙasar nan. Bayan an tashi dattijo ya miƙo mini bindigarsa ba ɗuri na riƙe, na nuna masa sassanta ɗaya bayan ɗaya da Turancinsa na da, shi kuma ya mayar mini da Hausa, ya ci duka sai ƙanƙara da ta gagari harshensa.

Da yamma na tura wa mahaifiyata hoton, wanda na ɗauka ta baya. Ta aiko da saƙon murya tana dariya, wai ashe buje na tafi ɗinkawa Amurka, da na faɗa tun farko ai da ba a sha wahalar neman biza ba. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce ranar da na bar zauren na tafi wurin masu keke, ta yi zaton ran kakana zai ɓaci, amma ce mata ya yi ta ƙyale ni, hannun yaron nan ya riga ya iya, kansa ne bai sani ba tukuna. Ban taɓa jin wannan magana ba sai ranar, shekara goma sha bayan rasuwarsa. Na saurari saƙon ya fi sau biyar.

Abin da ya zauna mini shi ne, ban ƙara ganin wani abu a tsohon aiki na ce kuskure ne ba sai na tambayi me ya sa aka yi shi haka. Ƙungiyar dattijon har yanzu ni nake yi musu ɗinki, abokina kuwa duk fasinjan da ya ɗauka sai ya ji tarihin kakana, har da ƙarin da ni kaina ban sani ba. Samarina suna nan suna zuwa a ɗame musu wando, ina kuma ɗame musu. Sai dai yanzu duk wanda ya zo awo, kafin in sa almakashi sai na ce ya tsuguna. Suna ƙorafi, wai wane irin tela ne wannan. Nakan ce musu ba ni ba ne, wani tsoho ne a Zariya ya ce a yi haka, ni ma sai da na zo Bronx na ji maganarsa.